Gaisuwar Jibrin da Buhu Goma

Ku matso, 'yan uwa, amma yau ba tausayi nake nema ba. Wadda ta zo da hankici don ta taya ni kuka ta mayar da shi jaka. Abin da zan ba ku yau, tsaki ya fi dacewa da shi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Saliha, ɗiyar Alhaji Tambari mai hatsi, na bayan tashar jirgi a Kaura Namoda. Lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da ɗaya, na gama kwalejin horon malamai, ina koyar da aji uku a firamare. Ba a yi Jihar Zamfara ba tukuna, muna ƙarƙashin Sakkwato, soja ke mulki, babu waya a hannun kowa. Idan saurayi yana son ki sai ya zauna ya rubuta, ya ninke, ya nemi wanda zai kawo. Nawa wasiƙun Hauwa ke kawo mini su, malamar aji huɗu, 'yar baffan Jibrin.

Jibrin ɗan Zurmi ne. Dogo, wankan tarwaɗa, da wushirya, da wata irin murya mai sanyi wadda in ya ce "Malama Saliha" sai alli ya nemi faɗuwa daga hannuna. Muryar ce ma abincinsa. Yana aiki a wani ofishin wayar da kan jama'a, irin ofisoshin da aka riƙa ƙirƙira a lokacin kamar ana rabon goro. Aikinsa ya hau a-kori-kura mai lasifika biyu a ka, ya bi kasuwanni yana bayyana wa talakawa cewa wahalar da suke sha magani ce, su daure su shanye.

Ni ban taɓa ganin laifinsa ba, domin a wasiƙa wani mutum ne daban. Ya taɓa rubuto mini: "Saliha, duk abin da kika ji na faɗa a lasifika ba ni ba ne, cikina ne ke magana. Ni na gaske shi ne wanda ke rubuta miki wannan." Na karanta layin nan ya fi sau talatin. Na ce ga namiji mai gaskiya, ga wanda ba ya ɓoye rauninsa. Kun ji wauta ko? Ku dakata, ba ku ji komai ba.

Matsalar ita ce Babana. A duk Kaura ba wanda ya kai shi raina Shugaban ƙasa da kasafin kuɗinsa. Ba zagi yake ba, Baba ba ya zagi. Wata ɗabi'a gare shi: duk sabuwar shekara, in rediyo za ta kawo fassarar jawabin kasafin kuɗi, sai ya sa sabon kaset ya ɗauka tun daga bisimilla har taken ƙasa. Ya rubuta shekarar da ajami a jiki, ya jefa cikin wani tsohon gwangwanin alewa. In baƙo ya kuskura ya yabi gwamnati a zaurenmu, Baba ba zai yi musu ba. Gwangwani zai jawo.

Inna takan ce, "Mazan wasu na tara gonaki, nawa na tara ƙaryar mutane."

Wata uku ina bin Inna tana bin Baba kafin ya yarda Jibrin ya zo gaisuwa. Ya ce ranar Juma'a bayan la'asar. A gidanmu kuwa kowa ya san ƙa'ida: in aka kawo kayan gaisuwa aka shigo da su zaure, to an karɓi mutum, saura sa rana. In aka bar su a waje, mai su ya san hanyar gida.

Ranar Alhamis Hauwa ta miƙo mini wasiƙa a ƙarƙashin rajista. "Hasken idona, kada ki damu da Baba. Zan zo da abin da zai sa ya san ni ba ƙaramin mutum ba ne." Na ɗauka darduma ce ta Makka, ko ƙwaryar goro fari. Ranar ban iya koyar da komai ba, sai na sa yara waƙa har aka tashi.

Juma'a tun da hantsi gidan ya ɗauki ƙamshi. Inna ta dama fura da nonon Fulanin Ɗan Isa, ta soya waina, aka yanka zabi biyu. Ni kuwa lallen da aka sa mini ya kama ja wur har ya soma baƙi a gefen yatsu. Na fito da atamfata mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, wadda ban taɓa ɗaurawa ba, na turara ta har sau biyu. Kwalli, jan baki kaɗan, ɗan kunnen Inna na aurenta. Duk wannan fa don mutumin da ba zai ma gan ni ba, tunda mace ba ta shiga zaure ranar gaisuwa. Amma zuciya ba ta san wannan ba.

Ina cikin ɗaura ɗankwali sai ga sallamar Kawu Labbo, ƙanen Inna, manomi a Kasuwar Daji. Na fito na gan shi. Taɓo har gwiwa, rigarsa ta yi dauɗa, idanunsa jajir.

Inna ta ce, "Labbo, lafiya? Wa ya mutu?"

"Gerona, Yaya. Shi ke shirin mutuwa." Ya zauna a turmi. "Kwana uku muna layi bakin siton taki. Nan munka kwana, nan munka yi salla. Muna hangen buhuna ta taga, jere har sama. Jiya da yamma anka rufe ƙofa, anka ce ya ƙare."

"Ya ƙare yaya, kuna kallo?"

"Haka mai riƙe da takardar rabo yac ce. Ya ƙare a takarda."

Ya ce ganyen ya soma rawaya, in ba a sa taki cikin mako ba shekarar ta tafi. Inna ta zuba masa fura, ta ce ya wanke ƙafa ya sa rigar Alhaji, tunda Allah ya kawo shi sai ya zauna a zaure cikin iyaye. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, abin da ya dame ni a lokacin shi ne kada fuskar Kawu ta ɓata mini rana.

Bayan la'asar muka ji ƙarar mota. Na leƙa ta jikin asabarin da ke tsakanin zaure da cikin gida. A-kori-kurar ofis ce, da lasifikarta da komai, an rufe bayanta da tamfol. Jibrin ya fito cikin shadda ruwan sararin sama, hula zanna ta zauna daram, agogo na walƙiya. Bayansa baffansa, Malam Bawa, wani gajere mai tumbi da yawan dariya. Inna ta daki kafaɗata. "Ke, ja baya, numfashinki har zaure."

Aka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi mutanen Zurmi. Aka ci waina. Ina cewa a raina, ya Allah ka ɗauke hankalin Baba daga gwangwanin nan. Sai Malam Bawa ya buɗe baki.

"Ai Alhaji, yaron namu ya dace. Gwamnatin nan ta san darajar matasa."

Na ji Inna ta ce "Shi ke nan" a hankali. Ƙarar murfin gwangwani ta biyo baya.

Baba ya sa kaset ɗin bana. Muryar mai fassara ta cika zauren, yana cewa a wannan shekara gwamnati za ta tsuke bakin aljihu. Baba ya danna ya tsayar.

"Aljihun wa? Nawa an tsuke shi har ya ɓace. Nasu fa?" Ya sake dannawa. Mai fassara ya ce za a kafa sababbin hukumomi domin kusantar da gwamnati ga talaka. Baba ya tsayar. "Kowace hukuma da mota, kowace mota da mai, ga oga, ga mataimakin oga, ga mai riƙe ma oga jaka. Jirgin da ni ka loda hatsi zuwa Ikko duk mako, yanzu sai mu yi wata ba mu ji kukanshi ba, ciyawa ta cinye dogo. Ba kuɗin gyara jirgi, amma akwai kuɗin sayen lasifika a hwaɗa muna jirgi na tahe."

Malam Bawa ya yi dariya shi kaɗai, ya ga ba mai taya shi, ya mayar da ita tari.

Kaset ya ci gaba, aka zo wurin rance daga ƙasashen waje. Nan Baba ya gyara zama. "Wanga shi ne ban gane ba. Magidanci ya ciwo bashi da ruwa, ya gina sabon gida, ya yi biki, sannan ya tara ɗiyanshi ya ce ku rage cin tuwo. In kuɗi sun ƙare ya sa inji ya buga wasu. Da, in na shiga Maraɗi da naira, har ƙofar masauki aka biyo ni ana roƙon canji. Bara na miƙa ma wani mai shayi naira, ya juya ta gaba da baya, ya ce Alhaji ba ka da sefa? Mai shayi fa!" Ya yi tsaki. "Ni ba ni son su ba ni komi. Su bar kasuwa ga 'yan kasuwa, gona ga manoma, su kashe abin da ag gare su, su tsaya nan. Shi ke nan roƙona."

Jibrin ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Wallahi Baba gaskiya ne. Duk abin da ka faɗa haka yake. Mu da ke ciki mun fi kowa sani."

Daɗi ya kama ni. Na matse hannun Inna. Na ce ga shi nan, Jibrin na wasiƙa ya fito.

Baba ya dube shi ya daɗe. "Jiya ina kasuwar Shinkahi, wajen 'yan awaki. Wata mota ta tsaya, wani yaro mai daɗin murya ya ce naira ba hwaɗuwa ta yi ba, hutawa take ta tashi da ƙarhi. Har mutane sunka yi dariya. Kai ne ko mai kama da kai?"

"Ni ne, Baba. Aiki ne."

"To wane za ni ba ɗiyata? Na jiya ko na yau?"

Da Jibrin ya yi shiru a nan, da ya sunkuya ya ce Baba a yi mini addu'a in samu wani aikin, wallahi na san halin Babana, da ya sauko. Amma sai ya yi murmushi irin na wanda ya ɓoye babban kati. Ya ce, "Baba, ni ba mai yawan magana ba ne, aiki nake so a gani. In ba damuwa, a leƙo waje."

Mai yawo da lasifika biyu, wai ba mai yawan magana ba ne.

Suka fita ƙofar gida, ni da Inna muka matso cikin zaure muna leƙe. Jibrin ya kama tamfol ya yaye da hannu ɗaya, kamar mai buɗe amarya. Buhunan takin zamani ne, farare tas, guda goma. A wannan damina, buhu ɗaya ya fi rago daraja. Maƙwabta har sun fara taruwa.

Malam Bawa ya ce, "Ga gaisuwa, Alhaji. A bana ko hakimi bai ga goma a wuri ɗaya ba."

Kawu Labbo ne ya matsa jikin motar. Ya sa hannu ya shafa buhun sama, a hankali, kamar yana shafa kan ɗansa. A gefen kowane buhu akwai rubutu da jan fenti, irin wanda ake yi da buroshi a gaggauce. Kawu bai yi boko ba, amma kwana uku yana kallon wannan jan rubutun ta taga.

Ya ce, "Alhaji, namu ne."

Ku gane, a wancan lokacin in an raba taki daga sama, kowace gunduma ana shafa wa rabonta suna da fenti don kada a haɗa. Jibrin ɗan ofis ne, bai taɓa tsayawa layi ba, bai taɓa ɗaukar buhu a ka ba. A wurinsa jan fentin nan datti ne kawai. Ko juya buhunan bai yi ba.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya waiwayo zaure ya ce, "Saliha. Taho."

Ban taɓa jin an kira ɗiya gaban masu neman aurenta ba. Na ja mayafi na fito, ƙamshin turarena ya riga ni isa. Jibrin ya kalle ni, idonsa ya yi haske, har a lokacin bai gane abin da ke faruwa ba.

"Ke malama ce. Karanta muna."

Na duba. "An rubuta Kasuwar Daji, Baba."

"Ƙasa fa, wancan na Turanci?"

"An ce ba na sayarwa ba ne."

Jibrin ya yi saurin cewa, "Ai ba sayarwa na yi ba, Baba, kyauta ce. Rabon ofishinmu ne, kowa ya samu. Oga ya ɗauki hamsin, ni goma kawai aka ba ni, kuma ko ɗaya ban taɓa ba, duka na kawo."

Yana faɗa yana kallona, yana jiran in yaba. Duka ya kawo! Jama'a, a nan ne wani abu ya tsinke a ƙirjina. Ba fushi ba ne. Na san fushi, fushi zafi gare shi. Wannan sanyi ne, irin wanda kike ji in kin buɗe kwano mai kyau kin tarar abincin ya lalace. Na dubi shaddar, na dubi agogon, na dubi ƙafar Kawu da taɓo bai gama fita daga farcenta ba.

Malam Bawa ya ce, "Haba Alhaji, ai haka ake yi ko'ina. In bai ɗauka ba wani zai ɗauka."

Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Ɗazu kun ji ana hwaɗin an ware kuɗin taki don kowane manomi. To ga kasahin kuɗin nan, ya iso ƙohwar gidana da ƙahwa huɗu." Ya juyo gare ni. "Ban taɓa zaɓa ma ɗiyata miji ba, ba kuma za ni hwara kanki ba. Ke kika kawo shi. Kin san ƙa'idar gidanga. In kin ce a sauke, a sauke."

Inna daga zaure tana yi mini alama da ido, ban san me take nufi ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Shekara ɗaya da rabi ina son mutumin nan. Wasiƙunsa arba'in da wani abu suna ƙarƙashin katifata. Kalma ɗaya zan faɗa a shigo da buhuna, in zama matarsa kafin kaka.

Na ce, "Kada a sauke."

Jibrin ya ce, "Saliha!"

"A mayar da su inda aka rubuta. Kawu ya shiga gaba ya nuna hanya, ya san waɗanda suka kwana a layi. In an raba musu, gobe ka dawo da goro, ko guda bakwai ne. Ni zan roƙi Baba da kaina."

Ya matso, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Kin san abin da kike cewa? In na raba a bainar jama'a, za a tambayi sauran. Oga zai san ni na tona. Aikina fa, Saliha. Da me zan riƙe ki?"

"Ka ce wanda ke rubuto mini shi ne kai na gaske. Shi nake son ya tuƙa motar."

Ya tsaya yana kallona, ya kalli mutanen da suka taru. Sannan ya ja tamfol ya rufe, ya buɗe wa Kawu ƙofar gaba da kansa. Malam Bawa ya hau baya yana gunaguni. Motar ta tashi.

Washegari da hantsi Kawu ya dawo a bayan kabu-kabu. Ina jin sallamarsa na manne a asabari. Baba ya ce, "Yaya kunka ƙare?"

"An raba, Alhaji. Duka goma. Gaban mai gari."

"Da hannunshi?"

"Da hannunshi."

Baba ya ja tazbaharsa, ina jin ƙararta. Can ya ce, "To. Yaron yana da gyara ke nan. Wanda ya iya mayar da abin da ya shiga hannunshi, ya hi shugabanninshi. In ya zo da goron a shigo da shi."

Inna ta toshe baki ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na ruga ɗaki, na ɗaga katifa, na kwaso wasiƙun na rungume, ina dariya ina hawaye. Na ce na sani, na sani! Har na fara tunanin kalar labulen da zan sa a ɗakina a Zurmi. Ku yi mini dariya, na ba ku izini.

Na dama koko da kaina, na zuba sukari da yawa, na kai wa Kawu bayan gida inda ya zauna a gindin rumbu. Na durƙusa na ajiye. "Kawu, na gode. Ka ga dai mutumin kirki ne ko? Mutane sun yi murna? Me suka ce masa?"

Bai taɓa kokon ba. Yana ta murza hularsa a hannu.

"Kawu?"

"Daina yi mini godiya, ɗiyata, don Allah daina." Ya kau da kai. "Ba mu kai Kasuwar Daji da su ba. Muna hita gari ya tsaya wajen gada. Yac ce Kawu, kai mutum ne mai iyali, mi za ka samu in an raba ma mutum ɗari buhu goma? Ya ba ni uku. Ya kai mini har bakin gona da magariba. Bakwai sunka wuce da su, shi da baffan nashi."

Na zauna daɓas a ƙasa.

"Na karɓa, Saliha. Tun asuba na zuba. Ɗiya tara gare ni, ba ni da wata gona." Ya share ido da hular. "Na yi niyyar in yi shiru har kabari. Sai kika zo kina murna. In Alhaji ya ji na yi mishi ƙarya cikin zaurenshi, ba ni ƙara taka gidanga, uwarki kuma ba ta ƙara ɗaga kai gabanshi. Ki yi yadda kika ga dama da yaron, amma ki ruhwa mini asiri."

Ban raina Kawu ba, ku shaida. Yunwa ce ta yi magana da bakinsa. Wanda na raina shi ne wanda ya kalli dattijo mai ɗiya tara, ya auna daidai buhu nawa zai sayi gaskiyarsa, bai ƙara ko ɗaya ba. Ashe duk yawon kasuwannin nan ba a banza ya yi ba. Ya koyi aikin iyayen gidansa tsaf: ka kwashe na mutane, ka mayar musu da kaɗan, su kuma yi maka shaida.

Daga zaure Baba ya ƙwala kira. "Saliha! Labbo, kai ma taho."

Muka shiga. Inna na tsaye bakin asabari, fuskarta fal murmushi. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, abin da ba ya yi ranar Asabar. Ya ce, "Na yi magana da uwarki. In sun zo, ina ganin bayan an yanke gero. Ya yi miki?"

Kawu ya zauna a lungu, kansa a ƙasa.

Na ce, "Baba, kada a sa rana."

"Mi?"

"Na fasa."

Murmushin Inna ya ɗauke. Baba ya ajiye tazbaha. "Jiya gaban mutane kika gindaya mishi sharaɗi. Ya cika, ga shaida zaune. Mi ya yi kuma?"

Amsar tana bakina, gajeriya ce, kalma biyar ba ta kai ba. Na dubi Kawu. Hannunsa na kan gwiwarsa, farin taki bai gama fita daga tsagarsa ba. Na dubi Inna.

"Bai yi komai ba. Na daina son sa ne kawai."

Tunda nake, Babana bai taɓa yi mini kallon da yake yi wa rediyo ba sai ranar. Ya girgiza kai a hankali. "Ashe cikin gidana ma akwai irinsu. A hwaɗi magana Juma'a, a tashe ta Asabar. Kin sa yaro ya saka aikinshi cikin hatsari, kin sa na yabe shi da bakina, yanzu kin daina."

Na haɗiye. Wallahi ta fi maɗaci ɗaci, amma na haɗiye, ban ɗaga kai ba, Kawu ma bai ɗaga ba.

"To ba ni za ni kore shi ba," in ji Baba. "Ke za ki hwaɗa mishi, nan, gabana."

Bai rufe baki ba aka yi sallama a ƙofar gida, da muryar nan mai sanyi, cike da fara'a. Ta ƙasan labule na hango takalminsa, an goge shi yana sheƙi, da gindin ƙwaryar goro lulluɓe da farin ƙyalle.

Baba ya amsa sallamar. Ya dube ni, ya nuna mini tabarmar da ke gabansa.

Na gyara mayafina na zauna.